Filin Tambayi Likita: Karayar ƙashin cinya a bakin gwiwa da ƙarafan da ake ɗaure ta da su

Wasiƙu da dama sun taru a wurina a kan karaya iri guda, wato wadda ke faruwa a ƙarshen ƙashin cinya, dab da gwiwa, wani lokaci har ta tsaga ta shiga cikin gaɓar kanta. Na zaɓi biyar daga cikinsu, kuma kamar yadda aka saba a wannan fili, an sakaya sunayen masu tambaya.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Likita. Ƙanena ɗan shekara 27 ne, sana'arsa acaɓa. Makon jiya mota ta buge shi, ƙashin cinyarsa ta dama ya karye kusa da gwiwa. An ɗauki hoto, likitoci suka ce karayar ta shiga gaɓa, sai an yi masa aiki an sa ƙarfe. Su Baba kuwa sun kafe a kan a ɗauko shi a kai shi wurin mai ɗorin da ya taɓa ɗora wa Baba hannu ya warke sumul. Ni ne a tsakiya, kuma ni ne zan nemo kuɗin. Shin aikin nan dole ne? (Wani yaya daga Funtuwa)

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ba shi lafiya, ya kiyaye gaba. Ban ga hoton ƙaninka ba, saboda haka bayanina a kan irin wannan karaya ne gaba ɗaya, hukuncin ƙarshe kuwa yana hannun waɗanda suka duba shi da idonsu. Zan fara da gaskata su Baba a kan abu guda. Hannun nan da aka ɗora ya warke da gaske, domin yawancin karayar da ta tsaya a tsakiyar dogon ƙashi tana haɗewa muddin an miƙar da ita an hana ta motsi, kuma ko ta ɗan karkace, jiki yakan yi haƙuri da ita. Abin da ya sauya lissafi a wurin ƙaninka shi ne inda ƙashin ya karye.

Ƙashin cinya, wanda ya fi kowane ƙashi tsawo a jikin ɗan Adam, idan ya gangaro kusa da gwiwa sai ya buɗe ya yi faɗi, ya ƙare da dunƙule biyu, ɗaya ta ciki ɗaya ta waje, da ɗan kwari a tsakaninsu. Duk wanda ya taɓa gwaguyar ƙashin cinyar rago da Babbar Sallah ya san su, su ne masu farin guringuntsin nan mai santsi da sheƙi. Waɗannan dunƙule biyu suna zaune a kan ƙashin ƙwauri, suna mirginawa duk lokacin da mutum ya lanƙwasa ƙafa, ƙoƙon gwiwa kuma yana zarya a gabansu. Idan karaya ta raba su, sannan suka haɗe da ɗan tudu ko rami a fuskar gaɓar, ko da na milimita 2 ne, wato kamar kaurin tsinken ashana, to duk takun da mutum ya yi sai wannan tudu ya kankare guringuntsin da ke fuskantarsa. Guringuntsi kuwa ba ya tohowa yadda fata ke yi, shi ya sa bayan wasu shekaru amosanin gaɓa yakan kama gwiwar tun mutum yana da sauran ƙuruciyarsa. Babu hannun da zai iya daidaita wannan fuska daga waje ta bayan fata da kumburi, komai ƙwarewarsa, ko na mai ɗori ko na likita. Sai an buɗe an gani da ido, an mayar da kowane ɓalli mazauninsa kamar mai ɗinkin ƙwarya.

Abu na biyu shi ne tsoka. Naman sharaɓa yana da rassa biyu da suka manne a bayan dunƙulen nan, kuma da zarar ƙashi ya karye sai su fizgi guntun ƙasa su kifar da shi baya, manyan tsokokin cinya kuma su tattare ƙafar ta gajarta. Kara da tsumman ɗori ba su da abin da za su kama a wannan guntu, don gajere ne, kuma tsoka tana jansa dare da rana. A daidai bayansa ne babbar jijiyar jinin da ke ciyar da ƙwauri da tafin ƙafa ta ratsa, tana manne da ƙashin. Idan bakin ƙashi ya danne ta ko ya yanke ta, ƙafar za ta yi sanyi ta koɗe, kuma abin da ya wuce awa 6 a haka yana iya ƙarewa da yanke ƙafa. Wannan ne ya sa nake jin tsoron ja da murɗa irin wannan karaya a ɗakin da babu wanda zai duba bugun jini a tafin ƙafa, balle a zo a ɗaure ta tamau a kan kumburi.

Ka faɗa wa su Baba cewa su kansu likitoci sun daɗe suna ɗari-ɗari da aikin nan. Har cikin shekarun 1960, abin da aka fi yi shi ne a soka ƙarfe a ƙwauri a rataya masa nauyi, majiyyaci ya kwanta wata biyu ko uku, kuma a 1967 wani likitan ƙashi na Amurka mai suna Charles Neer da abokan aikinsa sun wallafa cewa waɗanda aka rataya wa nauyi sun fi waɗanda aka yi wa tiyata samun sauƙi. Gaskiya suka faɗa a zamaninsu, domin ƙarafan lokacin ba su iya riƙe ƙashin da kyau, sai mutum ya sha wahalar yanka sannan a sake sa masa filasta ya kwanta. Sauyi ya zo ne daga wata ƙungiyar likitocin Suwizalan da ake kira AO, wadda Maurice Müller da abokansa suka kafa a 1958. Ƙa'idarsu ita ce a daidaita fuskar gaɓa daram, a ɗaure ƙashi da ƙarfen da zai riƙe shi sosai, a kiyaye hanyoyin jinin da ke ciyar da shi, sannan a fara motsa gaɓar da wuri. Wannan na ƙarshe shi ne ribar aikin gaba ɗaya. Ƙashi zai haɗe ko ta wace hanya a mafi yawan lokuta, amma gwiwar da ta yi wata uku a miƙe, da jini daskararre a cikinta, tana iya sandarewa har abada, kuma ɗan acaɓan da gwiwarsa ba ta lanƙwasuwa ya rabu da sana'arsa ke nan. Idan asibitin da yake ba su da kayan aikin, ku nemi takardar tura shi asibitin koyarwa ko Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano, kuma kada ku bar makonni su tafi ana shawara, don bayan mako uku ƙashin ya fara kama kansa a karkace, aikin kuma ya ƙara wuya da tsada.

TAMBAYA: Likita, barka da aiki. Mahaifiyata mai shekara 74 ta zame a banɗaki ta karye sama da gwiwa kaɗan. Likita na farko ya ce za a liƙa mata ƙarfe a gefen ƙashi da sukurori, na biyu ya ce gara a zura sandar ƙarfe ta cikin gwiwa. Kaina ya ɗaure. Wane ne mai gaskiya a cikinsu? (Wata 'yar'uwa daga Maraɗi)

AMSA: Sannu Hajiya, Allah ya ba Inna lafiya. Mai yiwuwa dukansu biyu suna da gaskiya, domin hanyoyin nan biyu su ne manyan hanyoyin da ake bi a yau, kuma a karaya da yawa kowace daga cikinsu tana iya biyan bukata. Siffar karayar da ƙwarin ƙashin su ne ke zaɓe, sai kuma kayan da ke hannun likita da abin da hannunsa ya fi sabawa da shi, wanda shi ma ba abin rainawa ba ne.

Likitoci sun raba wannan karaya gida uku. Akwai wadda ta tsaya sama da gaɓa ba ta taɓa guringuntsi ba. Akwai wadda ta ɓalle dunƙule ɗaya ta bar ɗayan manne da sauran ƙashin, kuma ita sau da yawa sukurori ne ke matse ta, wani lokaci da ɗan ƙaramin fallen ƙarfe a matsayin tokara. Ta ukun ita ce wadda ta raba dunƙulen biyu da juna, ta kuma raba su da ƙashin sama. A cikin kashi na biyu akwai wata mai ɓuya, wadda ake kira da sunan likitan Jamus Albert Hoffa, inda bayan dunƙulen ke yankewa kamar an sare shi da wuƙa. Hoton ƙashi na yau da kullum yakan kasa nuna ta, shi ya sa idan karaya ta shiga gaɓa ake son a yi hoton siti sikan, wato wanda ke nuna ƙashin yanki-yanki, kafin a shiga ɗakin tiyata, kuma idan an ce ku biya kuɗinsa kada ku ɗauka neman kuɗi ne kawai.

Fallen ƙarfen da likita na farko ya ambata ana shimfiɗa shi ne a gefen waje na ƙashin cinya. Na farkonsa da ya yi suna yana da baki kamar kurfi, wanda aka lanƙwasa a digiri 95, ana buga shi cikin dunƙulen da guduma. Yana da ƙarfi ƙwarai, amma ba ya yafe kuskure, domin idan bakin ya shiga a karkace to ƙafar gaba ɗaya ta karkace ke nan. Daga baya aka maye bakin da ƙaton sukuru guda, wanda ya fi sauƙin sawa amma yana cin ƙashi da yawa. Daga ƙarshen shekarun 1990 aka fito da falle mai kulli, wanda shi ne aka fi amfani da shi yanzu. An riga an ƙera shi da siffar ƙashin, kuma kan kowane sukuru yana da zare da ke kullewa a jikin fallen, ta yadda falle da sukurorinsa za su zama abu guda. Amfanin wannan ga tsofaffi babba ne. Ƙashin mace bayan ɗaukewar al'ada yakan zaizaye ta ciki ya zama kamar icen da gara ta ci, sukuru na gargajiya sai ya yi ta juyawa a cikinsa bai kama komai ba, amma masu kulli ba za su zame ɗaya bayan ɗaya ba, sai dai su fita gaba ɗaya, abin da ya fi wuya. Ana kuma iya zura fallen ta ƙarƙashin tsoka daga ɗan yanka kusa da gwiwa, a ɗaura sukurorin sama ta ƙananan huji, ba tare da an yaye naman da ke ciyar da ɓallin ƙashi ba.

Falle mai kulli yana da nasa aibi, kuma ya kamata a faɗe shi. Idan aka cika shi da sukurori a kowane rami, yakan yi tauri fiye da kima, alhali ƙashi yana bukatar ɗan motsi ƙanƙane domin ya fitar da sabon ƙashin da zai haɗe karayar. Saboda haka ƙwararru sukan zaɓi dogon falle su bar wasu ramuka a buɗe, kuma sau da yawa 'yan'uwan majiyyaci sukan ga hoto su ɗauka an yi musu ƙwauron sukuru. Haka kuma da yake a gefe guda yake, idan ɓangaren ciki na ƙashin ya farfashe babu abin da zai tokare shi, nauyin jiki yakan lanƙwasa ƙafar kamar baka, ko fallen ya karye.

Sandar ƙarfen da likita na biyu ya ambata kuwa, wadda wasu ke kira rodi, asalinta daga Gerhard Küntscher ne, likitan da ya fara zura irin wannan sanda cikin ramin ɓargo a garin Kil na Jamus a 1939. A wannan karaya ana shigar da ita ne daga ƙasa zuwa sama: a yi ɗan yanka ƙarƙashin ƙoƙon gwiwa, a huda ƙashi a cikin kwarin nan da ke tsakanin dunƙule biyu, a zura sandar, sannan a gitta mata sukurori a sama da ƙasa don kada ƙashin ya juya ko ya gajarta. Da yake tana tsakiyar ƙashi, inda nauyin jiki ke bi, tana raba kaya da ƙashin, yankan kaɗan ne, zubar jini ma kaɗan. Sharaɗinta shi ne guntun ƙasa ya kasance da girman da zai ɗauki sukurori aƙalla biyu, don idan karayar ta sauka ƙasa sosai ko fuskar gaɓa ta yi kaca-kaca, falle ya fi dacewa. Wasu kuma sukan yi fama da ciwon gaban gwiwa bayanta. Yawancin sandunan nan sai da na'urar hoton ƙashi ta cikin ɗakin tiyata ake iya sa su, amma akwai samfurin SIGN, na ƙungiyar da likitan Amurka Lewis Zirkle ya kafa a 1999, wanda aka ƙera shi musamman don asibitocin da ba su da wannan na'ura, kuma yana aiki a ƙasashe masu tasowa da dama, har da wasu asibitocin Najeriya.

Ga mai shekarun Inna, tambayar da na fi so ki yi wa likitocin biyu ita ce: da wane aiki ne za ta fi saurin tashi daga gado? Kwanciya ita ce babbar abokiyar gabar tsoho, daga gare ta ciwon huhu da gyambon kwanciya da daskarewar jini a jijiyoyin ƙafa ke fitowa. Domin wannan ne wasu likitoci yanzu ke haɗa sanda da falle tare, ko falle biyu ciki da waje, don tsoho ya samu damar taka ƙafa da wuri. Inda ƙashin ya rududduge ba ya ɗauruwa, akan cire ƙarshensa a sa gwiwar ƙarfe, sai dai wannan aiki ne mai tsada da ba ko'ina ake yinsa ba.

TAMBAYA: Ɗana ya yi haɗarin mota, ƙashi ya huda fata ya fito sama da gwiwa. An yi masa aiki cikin dare, amma da safe na tarar da ƙarafa a waje sun tsallake gwiwar kamar tsani. Shi ke nan aikin, ko an yi mana na talakawa ne? (Wani uba daga Jos)

AMSA: Malam, ka kwantar da hankalinka, abin da aka yi shi ne daidai ko da ɗan sarki ne. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma ƙashin da ya fito waje ya riga ya kwashi ƙasa da ƙwayoyin cuta. Idan aka binne ƙarfe a cikin rauni mai datti sosai ko naman da ya dagargaje, ƙwayoyin sukan manne a jikinsa su yi wa kansu rufin da magani ba ya ratsawa, daga nan sai ƙashi ya riƙa zubar da mugunya shekara da shekaru. Abin da ake fara yi shi ne a ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya cikin gaggawa, da allurar tetanus, a wanke raunin a yanke mataccen nama, sannan a soka ƙusoshi a cinya da ƙwauri, nesa da raunin, a haɗa su da sanduna ta waje don su riƙe tsawon ƙafar. Yawanci na wucin gadi ne, idan rauni ya yi tsabta kumburi ya sauka, cikin mako ɗaya zuwa biyu, sai a cire a sa na ciki. Akwai kuma na zobba, wanda Gavriil Ilizarov ya ƙirƙiro a garin Kurgan na Rasha a shekarun 1950, shi ana iya barinsa har ƙashi ya haɗe, musamman idan wani yanki na ƙashin ya salwanta ko cuta ta riga ta shiga. Aikinku a yanzu shi ne tsabtace bakin ƙusoshin yadda ma'aikatan jinya suka nuna muku, kada a shafa musu man shanu ko wani garin magani, kuma a sanar da likita idan wurin ya yi ja ko ƙusa ta fara girgiɗi.

TAMBAYA: Likita, yau mako biyar da aka sa mini falle da sukurori. Masu gashin ƙashi suna tanƙwara mini gwiwa har ina hawaye, amma an hana ni taka ƙafar. Yaushe zan taka, kuma zan sake yin zaman tahiya? (Wani malamin makaranta daga Gusau)

AMSA: Sannu Malam, hawayen nan ba asara ba ne. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma makonnin da kake ciki su ne ɗanyen gwiwarka, don tabon ciki bai riga ya ƙanƙame tsokar cinya a jikin ƙashi ba. Burin da aka saba sawa shi ne gwiwa ta miƙe sarai, ta kuma lanƙwasu zuwa digiri 90 kafin mako shida. Tafiya a fili tana bukatar wajen digiri 60, hawa bene da tashi daga kujera wajen 90 ko fiye kaɗan, zaman tahiya da tsuguno kuwa suna neman 150 ko sama da haka. Ba zan yi maka alkawarin wannan na ƙarshe ba, domin da yawa daga cikin waɗanda karayarsu ta shiga gaɓa ba sa kaiwa can, ko da an yi aikin da kyau, wasu kuma sukan kai bayan shekara guda ta naci. Kafin nan ka yi sallarka a kan kujera, ka sha maganin rage zafi kamar rabin awa kafin a fara gashin, ka kuma riƙa maimaita motsin a gida sau da yawa a yini.

Batun takawa kuwa daban yake da lanƙwasawa. Idan karaya ta shiga gaɓa, akan hana ɗora cikakken nauyi na mako 6 zuwa 12, har sai hoto ya nuna sabon ƙashi ya fara gadar karayar, haɗewa sosai kuma takan ɗauki wata uku zuwa shida. Ƙarfe yana gajiya kamar wayar da ake ta lanƙwasawa gaba da baya, kuma tsere ake yi tsakanin haɗewar ƙashi da gajiyar ƙarfe. Taba sigari da ciwon sukarin da ba a kula da shi ba suna daga cikin manyan abubuwan da ke jinkirta ƙashi a wannan tsere. Kada ka yar da sandunan dogarawa don ka ji zafi ya ragu, sai ranar da likitanka ya duba hoto ya ba ka izini.

TAMBAYA: Ƙarfen nan zai yi tsatsa a jikina? Dole ne a cire shi? (Wata mai karatu daga Kumasi)

AMSA: Ba zai yi ba, Malama, domin da ƙarfe marar tsatsa na musamman ko da titaniyom ake ƙera shi, kuma mutane da yawa suna rayuwa da nasu har ƙarshen rayuwa ba tare da wata damuwa ba. Ana cire shi ne idan yana gogar tsoka a gefen gwiwa yana sa ciwo, ko sukuru ya zarce yana taɓa fata, ko cuta ta kama shi, kuma ba a cika taɓa shi ba kafin shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi, bayan hoto ya tabbatar ƙashi ya haɗe. Cirewar ma aiki ce mai zaman kanta, don sukurori masu kulli wani lokaci sukan ƙi kwantuwa, ramukan da suka bari kuma suna raunana ƙashin na wasu makonni. Ki adana takardar da ke ɗauke da sunan ƙarfen da kamfanin da ya ƙera shi, saboda bakin sukurorin kamfanoni ya bambanta, kuma duk likitan da zai cire shi, ko wanda zai sa ki a na'urar hoton maganaɗisu, zai tambaye ki ita.